Yadda Na Zama Harshen Ammi Bakur

Tun a cikin motar da ta kwaso mu daga filin jirgin Jidda jikina ya ba ni cewa an yi mini sakiyar da ba ruwa. Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya ce gonar inabi za a kai ni a Ɗa'ifa, garin da ke kan duwatsu, inda ya rantse har bargo ake rufa. Ni kuwa manomin inabi ne tun ina saurayi, a ƙauyenmu da ke kusa da Hunƙuyi. Wata shekara ƙanƙara ta kwantar mini da rumfuna, shekarar da ta biyo baya rijiyar da nake ban-ruwa da ita ta ƙafe. Shi ya sa da aka ce ana neman wanda ya iya datsar inabi a Saudiyya ban tsaya dogon tunani ba. Na bar wa ƙanena abin da ya rage na garkar, na bar matata Rabi da yaranmu biyu wajen mahaifiyata.

Na matsa kusa da direban, wani ɗan Pakistan mai jan gemu, na ce, "Ɗa'if?"

Ya dube ni ta madubi ya yi dariya. "Mafi Ɗa'if. Mina."

Ban iya Larabcin kasuwa ba a lokacin, amma "mafi" ba ta buƙatar tafinta. Babu Ɗa'ifa. Wani kamfanin kwangila ne ya ɗauke mu aikin shirya tantunan alhazai. Na kira ejan a waya, ya ce in yi haƙuri, bayan aikin Hajji za a wuce da ni gona. Da na sake kira bayan mako guda, layin ya daina shiga, kuma har yau bai shiga ba.

Mina kafin zuwan alhazai gari ne da babu kowa sai mu. Tantuna farare iya ganinka, tituna babu ko mage. Muna sauke katifu daga manyan motoci, mu shimfiɗa darduma, mu wanke banɗakuna, mu ja tankunan ruwa. Zafin wurin ba irin namu ba ne. Daga sama yake dukanka, duwatsun da suka kewaye kwarin kuma su dawo maka da shi ta gefe. Tafin hannuna da ya saba da almakashi da igiyar ɗaure reshe ya koma ɗaukar kaya kamar na ɗan dako a tasha.

A ɗakin da aka zuba mu akwai wani dattijo ɗan Bangaladash, Shafiƙ, wanda gadonsa ke ƙarƙashin nawa. Shi ya lura ba na cin abinci. Wata rana ya miƙo mini kwano, shinkafa da wake-waken nan nasu mai ruwa-ruwa, ya zauna ya tsare ni da ido har na cinye. Shi ya koya mini in jiƙa tawul in ɗora a ka a ƙarƙashin hula, shi ya fara kai ni Harami ranar hutunmu. Da na ga Ka'aba da idona sai na rasa duk addu'ar da na tanada, na tsaya kawai ina hawaye, Shafiƙ yana riƙe da gefen rigata kada jama'a su tafi da ni.

Ban ɓoye wa Rabi komai ba. Na ce mata, "An cuce ni. Ba gona, shara nake yi a Mina."

Sai ta ce, "To Baban Amira, mutane gonakinsu suke sayarwa don su kwana uku a Minar nan. Kai ga shi har an ba ka tsintsiya. Ka share da kyau."

Na yi dariya, rabona da dariya tun a gida. Amma bayan mun ajiye waya sai kewa ta danne ni. Abin da na fi tunawa ba ma fuskokinsu ba ne, ƙamshin ƙasar garkata ne idan an sako mata ruwa da sassafe.

Alhazai suka zo suka cika kwarin, suka tafi suka bar mana tarin shara da takalma warin ƙafa. Muka kwashe, muka naɗe dardumomi. Daga nan shugaban ma'aikata ya tara mu ya ce aiki ya ƙare. Duk wanda ya samo sabon kafili, wato wanda zai ɗauki nauyin zamansa a ƙasar ya ba shi aiki, kafin ƙarshen watan Safar, kamfani zai sake shi. Wanda bai samu ba, jirgi. Na kwanta ina kallon silin. In koma in ce wa mahaifiyata me? Rijiya tana nan a ƙafe, ban koyo komai ba, ban kawo komai ba.

Shafiƙ ne ya ce mini, da Larabcinsa mai haɗe da nuni, akwai mutanena a Rusaifa, suna gasa nama a tsinke. Na hau mota na tafi ba tare da na san wanda zan nema ba. Na yi ta yawo a unguwar, shaguna a jere, masu gyaran waya, masu sayar da abaya, har hancina ya kamo abin da ya sani. Ƙamshin tsire ne, da ƙuli da yaji, sak na bakin tasharmu. A Makka siriya suke ce masa, Larabawa ma layi suke yi a kai.

Shagon ƙarami ne. Gefe guda wani ɗan Nijar yana juya tsinkaye a kan garwashi, ɗaya gefen kuma manyan tulunan gilashi guda biyu, ɗaya ja wur kamar garura, ɗaya fari mai ɗan kore-kore. A bakin ƙofa ana sauke akwatunan inabi daga wata mota. Ƙafata ta ƙi wucewa. Na sunkuya na ɗago nono guda na baƙin inabi, na juya shi, na duba ƙwayoyin da ke can ƙasa. Ban san a fili na yi maganar ba, na ce, "Kai, an yi wa wannan gaggawa."

"Mi ka ce?"

Wani tsoho ne a kan kujerar roba, baƙi siriri, da farar jallabiya da hula mai raga. Hausarsa ta Sakkwato ce, amma da lanƙwasar Larabci a ciki. Na ajiye inabin da sauri na gaishe shi, na ce ya yafe ni, ba ni da niyyar taɓa kayan mutane.

"Ban ce ka ajiye ba. Mi ka ce?"

Na ce, "Baba, cewa na yi da an bar shi ya ƙara kwana a jikin uwarsa."

Ya sa aka jawo akwatuna uku gabana, ya ce in ɗauki ƙwaya a kowanne in gaya masa abin da na ji. Na ce na farko tsami ya fi zaƙi, na biyu ya nuna sosai har zaƙinsa ya yi nauyi, na uku yana da ɗan ɓauri a fata wanda ke kama harshe bayan an haɗiye. Ya rufe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraren labarin garinsu.

Sunansa Abubakar, amma duk unguwar Ammi Bakur suke ce masa, ammi kuwa baffa ke nan da Larabci. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya zo ya zauna. Mahaifinsa ya fara matsar inabin Ɗa'ifa yana sayarwa kusa da masu tsire, shi kuma ya gada. Ya sa aka kawo mini tsire da kofi guda na jan, sannan ya ce a hankali, "Tun ciwon nan da ya rufe duniya, harshena bai dawo ba. Hancina ma haka. Zuma da ruwan zafi duk ɗaya ne gare ni. Da ido nike haɗa abin ga yanzu, da tuna yadda nike yi da. Masu saye ba su faɗa mini, amma ina ganin suna raguwa."

Ya ce ba zai iya ba ni aiki ba tunda ba a ƙarƙashinsa nake ba, hukuma ba ta wasa da wannan. "Amma ba wanda ya hana baƙo ya zo ya ci abincin rana, ya ce miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba."

Haka na zama baƙon kullum. Da safe su matse, ni in ɗanɗana in faɗa. Jan, da fatarsa ake murje shi, a bar shi ya ɗan zauna cikin sanyi har launi da ɓaurin fatar su fito, sannan a tace. Farin kuwa nan take ake matse shi a raba shi da fata, a ɗiga masa ruwan wardi kaɗan. Ammi Bakur yakan haɗa inabin gona biyu ko uku kafin ya sami abin da yake so, sai ya riƙa tambayata: "Zaƙin gaba yake zuwa ko baya? Yana tsayawa a maƙoshi?" Tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba duk shekarun da na yi ina noman abin. Mu a gida mu cira ne mu zuba a kwali, 'yan kasuwa su kwasa.

Wadda ta koya mini abin da ke tafiya da kowanne ita ce ƙanwarsa Hala Maryam, hala kuwa inna ke nan da Larabci, wadda mijinta ya rasu take zaune a saman shagon. Ita ke haɗa yajin tsiren, ita ke dafa abincin rana. Ranar da ta yi saliƙ, shinkafar nan da ake dafawa da madara da romon kaza har ta yi laushi kamar fate, na jawo kofin ja zan kora. Ta doke mini hannu da murfin tukunya.

"Wa ya koya maka wanga ta'asa? Ja a kan madara? Sha ka ji, tunda ka ɗauko."

Na kurɓa. Bakina ya yi wani iri, kamar na tauna ɗanyen goro a kan nono. Ta miƙo farin, na kurɓa, sai shinkafar ta buɗe, har ƙamshin man shanun da ke ciki ya fito.

Ta ce, "Ja na nama ne, mai maiƙo, wanda ya ga wuta. Siriya, ko ragon da aka gasa a rami. Shi ke wanke maiƙon ya ba ka wurin wata loma. Fari na saliƙ ne da kifi da sambusar cuku. In ka ga mutum ya zo da wake da gurasa da safe yana neman ɗayansu, ka ba shi shayi, ka yi masa addu'ar shiriya."

Daga nan ta mai da ni ɗalibi. Yau soyayyen kifi daga Jidda, gobe alkama da nama, ta ajiye kofi biyu ta naɗe hannu tana jira. Idan na dace ta ce "ɗayyib", idan na kuskure murfin tukunya na nan kusa.

Mutum ɗaya ne bai yi murna da ni ba, Majid, babban ɗan Ammi Bakur. Ma'aikacin ofis ne a unguwar Shisha, kuma duk takardun shagon a hannunsa suke. Yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. A gabana ya ce wa mahaifinsa a daina wahalar matsa, a riƙa sayo lemon kwali kamar kowa, kuma ɗaukar nauyin wani baƙo da ba a san asalinsa ba ba ƙaramin abu ba ne. Na fahimci rabin maganar, fuskarsa ta fassara mini sauran. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya. Wani babban gida a Shisha sun yi odar ja da fari na walimar suna, ranar wata Juma'a kusa da ƙarshen Safar. Idan aka fita kunyarsu, Majid zai nemi a mayar da ni ƙarƙashin shagon.

Saboda wannan odar Ammi Bakur ya ce in raka shi Ɗa'ifa mu zaɓo inabi. Motar ta riƙa hawa dutse tana lanƙwasa, birai zaune a bakin hanya suna jiran a jefa musu abinci, kunnuwana suka toshe. Da muka kai sama na sauke gilashi, iska mai sanyi ta bugi fuskata. Ashe a nan ejan bai yi ƙarya ba. Mai gonar wani Balarabe ne tsoho, Abu Salim, abokin cinikinsu tun zamanin iyaye. Na shiga ƙarƙashin rumfar inabinsa, ganye ya rufe ni, nonna suna reto a kaina, ƙasa a jiƙe. Na durƙusa na damƙi ƙasar na shinshina. Abu Salim ya dube ni, ya dubi Ammi Bakur, sai ya zaro almakashi daga aljihu ya miƙo mini. Muka yi ta yanka tare har rana ta take, ba mu da yaren da ya haɗa mu. In na nuna nono ya girgiza kai, in bar shi. In ya nuna na girgiza kai, ya yi dariya ya bar shi. Na ga yadda suke jan ruwa da siririn tiyo yana ɗiga a gindin kowace itaciya, ba malale kwari kamar yadda muke yi ba. Na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanena.

Ranar Laraba aka matse jan aka sa a babbar firjin shago. Farin sai Alhamis, shi kuma aka hau da shi firjin Hala Maryam a sama saboda wuri ya cika.

Da safiyar Juma'a na iso na tarar da Ammi Bakur da Majid suna fito da robobin da za a ɗura. Da na buɗe babbar firjin, iskar da ta fito ba ta da sanyi sosai. Injin ya tsaya, ba wanda ya san tun yaushe. Na ɗebo jan a kofi. A ido lafiya lau yake, babu kumfa. Na kurɓa. Zaƙin yana nan, ɓaurin yana nan, amma can a ƙarshen harshe akwai wani ɗan tsini, kamar ƙananan allurai. Duk wanda ya taɓa barin inabi a kwali cikin zafi ya san wannan tsinin. Ya fara juyawa. Bai zama giyar da ake tsoro ba tukuna, amma ya kama hanya, kuma kafin a gama sallar Juma'a a zuba wa mutane, cikin zafin Makka, Allah kaɗai ya san inda zai kai.

Na tsaya da kofin a hannu. Na san in na ce lafiya lau, babu mai ƙaryata ni a wurin. Na kuma san abin da ke jirana in walimar ta lalace. Ammi Bakur yana kallon bakina kamar yadda ya saba.

Na ce, "Baba, ya fara tashi."

Majid ya karɓe kofin ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya ce da Larabci babu komai a ciki, a zuba ƙanƙara a kai musu. Muryarsa ta hau: mutane sun gayyaci jama'a, an yanka raguna, yanzu don wani baƙo ya ce yana jin allura sai a zubar da aikin mako guda?

Tsohon ya karɓi kofin ya kai baki, ko da yake ya san ba abin da zai ji. Ya daɗe yana riƙe da shi. Ɗansa na cikinsa a dama, ni a hagu. Sannan ya juyo gare ni.

"Nafi'u, in mahaifiyarka ce ta zo da ƙishi, kana ba ta wanga?"

Na ce, "A'a, Baba."

"A zubar."

Majid ya ɗauki makullin motarsa ya fita, ko sallama babu. Ni da ɗan Nijar mai gashi muka kinkimi tulunan muka tuntsurar a magudana. Ina kallon inabin da na yanka da hannuna a Ɗa'ifa yana gangarawa, ina jin kamar zamana a ƙasar ne ke bin rariya.

Hala Maryam ce ta sauko ta same mu zaune jugum. Ta ji abin da ya faru, ta ce, "To, sai a kai wa mutane nama ba abin korawa? Akwai akwati biyu na baƙin inabi da aka ajiye na ci. Akwai zabibi, busasshen inabi. Kuma ina da buhun karkade da na saya wajen Sudanawa."

Ta buɗe buhun, na ga zoɓo ne, jajayen nan masu duhu. Na ce ni dai sha na iya, amma na san wadda ta iya dafawa. Na kira Rabi ta bidiyo. Tana tsakar gida tana wanki, ta goge hannu a zani, na juya mata wayar ta gaisa da Hala Maryam. Cikin ɗan lokaci suka manta da ni.

Rabi ta ce, "Hajiya, kada a bar shi ya daɗe a wuta, ɗaci zai yi. Yana tafasa a sauke. Citta ɗanya, kanumfari kaɗan. Kuma kada ku sa sukari tunda kuna da inabi, ku bari zaƙin ya fito daga can."

Hala Maryam ta ce, "Ɗiyata, ina aka ɓoye ki? Wanga mijin naki ja yake sha a kan madara."

Muka dafa, muka jiƙa zabibi muka markaɗa, muka matse akwatunan biyu. Ammi Bakur ya dawo kan kujerarsa yana ba da umarni: ƙara inabi, rage zoɓo, ɗanɗana. Na yi ta kurɓa har harshena ya yi ja. Da na ciri tsinken tsire guda na ci na kora da shi, sai na ji ya zauna daidai. Tsamin zoɓon ya yanke maiƙon, citta ta bi yajin, inabin ya rufe. Matsala ɗaya, abin yana nan da zafinsa, ga lokacin masallaci ya matso, ga firji a mace. Muna cikin wannan sai mota ta tsaya a ƙofa. Majid ne, ya cika bayan motar da manyan sandunan ƙanƙara. Bai kalli kowa ba, ya naɗe hannun jallabiyarsa ya fara saukewa.

Bayan an sauko daga Juma'a muka kai kayan Shisha. Ammi Bakur ya ce sai ya gaya wa mai gidan gaskiya da bakinsa. Mutumin, wani attajiri mai ƙiba wanda aka haifa wa jika, ya ɓata rai sosai. Ya ce shi jan inabi ya ce a kawo, ba karkade ba. Ya karɓi farin aka shiga da shi wajen maza, jan kuma ya ce a miƙa ɓangaren mata, in sun ga dama su sha. Ammi Bakur ya shiga cin abinci tunda an gayyace shi. Ni na koma mota na zauna, raina a jagule.

Can sai Majid ya buɗe ƙofa ya shigo ya kunna sanyi. Sannan ya ce, rabi Larabci rabi wata Hausa mai tuntuɓe, "Ni na sha, ban ji ba. Kai ka ji. Kuma ka faɗa." Ya zaro waya ya ce in ba shi lambar iƙamata, katin zama na ƙasar. Ya yi 'yan danne-danne, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ya nuna mini inda zan taɓa in amince da komawa ƙarƙashin shagon. Na taɓa.

Ban gama yi masa godiya ba wata mata mai aiki a gidan ta ƙwanƙwasa gilashi, ta ce ana neman wanda ya haɗa jan. Muka bi ta har bakin ƙofar ɓangaren mata, muka tsaya daga waje. Aka turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, ta tsufa ƙwarai, an lulluɓe ta da baƙin mayafi, hannunta riƙe da kofi. Mahaifiyar mai gidan ce. Ta yi magana da Larabci, Majid ya nuna ni. Sai ta dube ni ta ce da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffin Kano, "Yaro, kai ɗan wane gari ne?"

Na durƙusa na gaishe ta na faɗa mata. Jikokinta da ke tsaye a bayanta suka zaro ido. Ashe ba su taɓa jin ta yi dogon zance da Hausa ba.

Ta ce, "Uwata ce ke dafa wannan, da citta haka. Goye a bayanta na zo garin nan, ban san can ba. Tun da ta rasu ban ƙara jin sa a bakina ba, na Sudanawa daban yake." Ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. "Takan ce a can idan ruwa zai sauko, sai ƙasa ta fara ƙamshi tun bai iso ba. Gaskiya ne, ko daɗin baki take mini?"

Na ce, "Wallahi gaskiya ne, Hajiya. Har awaki sukan ji su fara gudu gida."

Ta yi dariya har mayafinta ya zame, wata jika ta gyara mata. Ta aika aka kira ɗanta daga wajen maza, ya zo da sauri yana goge hannu. Ta miƙa masa kofinta ta ce ya sha. Ya sha, ya sake sha. Ta ce masa duk Juma'a a kawo mata wannan, kuma ni take so in kawo da kaina.

Yanzu shekarata ta biyu ke nan a shagon. Tuluna uku ne a kan kanta. Ƙanena ya ja siririn tiyo a garkarmu da ɗan ruwan da ya dawo rijiyar, ya ce sababbin rassa sun kama. Duk Juma'a bayan masallaci nakan ɗauki roba guda in tafi Shisha. A turo Hajiya bakin ƙofa, a ajiye mini kujera daga waje, ta riƙe kofinta da hannu biyu ta ce in ci gaba da ba ta labarin gida daga inda muka tsaya. Mun gama damina da girbi. Makon jiya ta tambaye ni yadda ake ɗora amarya a kan doki a ƙauye, na ce ai yanzu a mota ake kai ta. Ta ajiye kofin ta ce, "To wannan kada ka gaya mini. Ba ni na dokin."